Ƙwan Amarya da Ruwan da Na Roƙa

Ku ɗan matso kusa, mai shayi ya ɗauko kofinsa, yau labarin ƙwai zan ba ku. E, ƙwai dai na kaza. Kada kowa ya yi dariya tukuna, wurin dariyar yana gaba.

Shekarun baya, da maigidana ya ɗauko ni daga Kano ya kawo ni Dubai, a Al Nahda muka fara zama, can ɓangaren da in mutum ya leƙa taga yana hango Sharja. Filat ɗaya ne aka raba biyu: mu da ɗakinmu, wata 'yar Filifin da nata, falo da kicin kuma na haɗaka. Shi maigidan aikin kago yake yi, wato lodin kaya a jiragen ruwa, a unguwar Port Saeed, in ya fita da safe sai magariba. Ita kuma a wani shagon gyaran farce take aiki a Al Rigga. Ni ce mai gadin gida, kuma ban taɓa jin haushin wannan muƙami ba, don ni ko a Kano ba mai fita ba ce. In dai akwai gas, akwai albasa, akwai wanda zan yi wa surutu, to duniya ta zauna lafiya. Maigidana har cewa yake, “Hajiya, mutane na biyan kuɗin jirgi su zo kallon garin nan, ke an kawo ki kyauta kin ƙare tsakanin firji da tukunya.” Ni kuma in ce, “Malam, firjin ma ai na Dubai ne.”

Karatuna bai yi nisa ba, Turancina na kicin ne. Nata ya fi nawa, sai dai da gudu take yinsa kamar an biyo ta. Haka muka yi ta haɗawa, Turanci kaɗan, Larabcin kasuwa kaɗan, sauran da hannu da ido. Duk hirar da za ku ji a nan da wannan yaren muka yi ta, ni ce na juya muku ita. Tana ce mini Ate, wato yaya a yarensu, ni kuma ina ce mata ƙanwata. Yarinya ce mai sanin ya kamata. Tun ranar da ta ga ina salla ba ta ƙara saka abin da ba ma ci a firjin nan ba, kuma ba wanda ya ce mata uffan.

A saman talabijin ɗin falo akwai wani ɗan hoto nata. Wata mata ce ta lulluɓe kanta da baƙin mayafi, an zagaye fuskar da farin ƙyalle, ko silin gashi ba a gani, ga doguwar riga ruwan ƙasa har idon sawu, ta ɗaure ƙugu da igiya. Na daɗe ina kallon hoton nan ina ƙissima abubuwa. Ran nan dai muna gyaran alayyafo na kasa haƙuri, na ce, “Ƙanwata, ashe kakarki Musulma ce ba ki taɓa faɗa mini ba?”

Ta dubi hoton, ta dube ni, sai ta zube a kujera tana dariya har da hawaye.

“Ate, wannan sista ce, irin matan da ke keɓe kansu don ibada a coci! Waliyyiya ce a wurinmu, mu 'yan Katolika. Ta kusa shekara ɗari takwas da rasuwa.”

Na ce, “To wallahi lulluɓinta ya fi na wasu da na sani.”

Alayyafo ya jira, ta ba ni labarinta. Wai 'yar manyan masu hali ce a ƙasar Italiya, gidansu ba abin da babu. Tana budurwa ta ji wa'azin wani mutum da ya bar dukiyar ubansa ya zaɓi talauci, abin ya shige ta, ta ce ita ma haka za ta yi. Ta bar gida, aka aske mata gashi, ta cire kayan alfarma ta sa tsumma. Danginta suka biyo ta za su mayar da ita da ƙarfi, ta yaye mayafi ta nuna musu kanta, suka juya. Daga nan ta shiga wani ɗan gida jikin coci, mata suka yi ta zuwa suna zama da ita, har ƙanwarta, daga baya har mahaifiyarta. Ba sa sa takalmi, ba sa cin nama, ba su mallaki ko tsinke ba. Manyan addininsu ma sun lallashe ta ta karɓi ko ɗan fili ne, ta ƙi. Ita ce shugabar gidan, amma ita ke wanke ƙafafun waɗanda suka dawo daga aike. Kuma wai wajen shekara arba'in ba ta bar gidan nan ba.

Nan na ajiye wuƙa. Na ce, “Shekara arba'in ba ta fita ba? Kuma ba wanda ya yi mata gori?” Da maigidana ya dawo kuwa, tun daga ƙofa na tare shi da labarin. Ya ce, “Hajiya, ita ibadarta ce ta zaunar da ita. Ke fa?” Na ce tuwon da zai ci yanzu ne ya zaunar da ni. Ya wanke hannu ya jawo kwano.

Na tambaye ta dalilin ɗora hoton a kan talabijin. Ta ce wai da matar ta tsufa ciwo ya kwantar da ita, ta kasa zuwa wurin ibada, sai ta ga ibadar a jikin bangon ɗakinta kamar tana wurin, shi ya sa suke cewa ita ce mai kula da talabijin. Ni dai na ce Allah ne masani, kowa da abin da ya taso ya tarar. Sunanta ta faɗa mini ya fi a ƙirga, amma ni Iya mai lulluɓi nake ce mata. In ina goge ƙura sai in ɗaga ta, in goge, in mayar.

Ana nan sai auren ƙanwata ya taso. Saurayin ɗan ƙasarsu ne, kuku ne a wani otal, sun daɗe suna tattalin ranar. Za a ɗaura a coci da safe, da yamma a yi walima. Ɗakin taro ya fi ƙarfinsu, sai suka zaɓi wani lambu a bakin ruwa, tunda lokacin sanyi ne, a shimfiɗa tabarmi a kafa tebura. Kullum ta dawo aiki sai ta zauna tana yanka furannin takarda tana tarawa a kwali. Iyayenta ba za su samu zuwa ba, don haka burinta ɗaya ne: biki ya yi kyau, a yi hoto ga ciyawa, ga ruwa, ga rana tana faɗuwa, ta aika wa mahaifiyarta ta rataye a bango.

To ga inda aka samu matsala. Ni tun da na zo garin nan ban ga ɗigon ruwan sama ba. Wanda bai bar gida ba ba zai gane ba. Ƙamshin ƙasar nan in ruwan farko ya sauka, har mafarkinsa nake. Akwai wata tukunyar fulawa a baranda, ƙasarta nake yayyafa wa ruwa in sunkuya ina shinshinawa kamar akuya. Sai aka yi shela za a yi sallar roƙon ruwa a masallatai. Maigidana ya sa farar jallabiya ya tafi, ni kuma na shimfiɗa darduma a ɗaki na dage kamar ni kaɗai aka ɗora wa aikin. Ban ce yayyafi ba, cewa na yi a kece da shi. Ko kusa ban haɗa wannan da bikin ba.

Bayan 'yan kwanaki ta fito daga ɗaki da waya a hannu, fuska ba annuri. Ta nuna mini hasashen yanayi: daidai kan ranar bikinta an zana baƙin gajimare, ga ɗigo-ɗigo a ƙarƙashi.

“Ate, a garin da ake shekara ba ruwa? Me ya sa sai ranata?”

Da na yi shiru da ya fi, amma bakina ba ya jiran shawara. Na ce, “Alhamdu lillahi, an karɓa ke nan!”

“An karɓi me?”

Dole na yi bayani. Ta riƙe ƙugu. “Ate! Ashe ke ce? Muna ci a tukunya ɗaya? Yalla, tashi ki je ki janye!”

Na ce, “Ƙanwata, addu'a ba kago ba ce da za a buga waya a ce a sauke daga jirgi. Kuma ba ni kaɗai ba ce, duk garin ne.”

Washegari ta dawo da kiret-kiret na ƙwai. Ta zauna a falo tana naɗe su a leda mai launi, ja, shuɗi, ruwan hoda. Na ce ko na kek ɗin biki ne. Ta ce a'a. Wai a ƙasarsu duk mai biki da ke tsoron ruwa, ƙwai yake kaiwa gidan sistocin da ke bin tafarkin Iya mai lulluɓi, su kuma su yi masa addu'a sama ta washe. Haka kakarta ta yi, haka mahaifiyarta ta yi. Mahaifiyar ma ta riga ta kai mata a can gida, amma hankalinta bai kwanta ba, wai samaniyar can daban, ta nan daban. Sai da ta gama naɗewa tsaf sannan ta tsaya ta fuskanci abin da ta sani tun farko: irin wannan gidan sistocin babu shi a nan. Ta zauna a gaban ƙwai ta fashe da kuka.

Ni kuma ba na iya jure kukan mutum. Na ce, “Tsaya tukuna. Su sistocin, duk ƙwan da ake kai musu ya suke yi da shi? Ba dai su cinye ba, ai sai ciki ya ɓaci.”

Ta ce tana jin rabawa suke yi wa marasa shi.

Na ce, “Au, ashe sadaka ce! To mu ma a nan akwai masu jin yunwa.”

Amma fa zuciyata ta ɗan yi ɗar. Ni Musulma ce, ba na roƙon kowa sai Allah, kuma ba na son sa hannu a abin da zai taɓa mini wannan. Da maigidana ya dawo na ja shi ɗaki na faɗa masa. Ya ce, “Ƙwai za ki dafa ki ba mai jin yunwa, ko? Ki yi don Allah, ki yi don haƙƙin maƙwabtaka. Ita da niyyarta, ke da taki. Ga 'yan dako can wurinmu, tun safe suke fama da kaya, ku kawo musu.” Har na ji daɗi, sai ya ƙara da cewa, “Amma ke za ki rako ta. Ni ba zan shiga jirgin ƙasa da dafaffen ƙwai ba.”

Daga baya na gane dalilinsa.

Muka dafa. Na daka yajin ƙuli na ƙuƙƙulla, don ni ban san yadda ake miƙa wa mutum ƙwai gaya ba. Ita kuma ta dage sai an mayar da kowanne cikin ledarsa mai launi. Sannan ni, mai gadin gida, na ɗauki mayafi na shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari. Jama'a, in kuna ɗauke da ƙwai mai zafi kada ku shiga taragon mata. Ƙofa na rufewa wari ya tashi. Wata ta toshe hanci da gyale, wata Balarabiya ta zaro turare ta fesa tana harararmu. Ƙanwata ta sunkuyar da kai, ni kuwa na juya na ƙura wa wata mata ido can gefe kamar ita nake zargi.

A bakin ruwa jiragen katako ne a jere, kaya jibge a fili, firji-firji, katifu, buhunan shinkafa, ba rufi ba komai. Maigidana ya kira mutanen da ya sani. Suka karɓa suna murna, wani ya dangwali yajin ya yi ta tari yana ɗaga mini babban yatsa. Wani dattijo da ya rina gemunsa da lalle ya tambaya, sadakar me ce, addu'ar me za a yi? Ƙanwata ta nuna sama, ta ce kada a yi ruwa ranar aurenta. Dattijon ya waiwaya ya dubi kayan da ke jibge ba ko tamfol, ya ɗaga hannu ya ce, “Wallahi 'yata, ko ba ƙwai wannan addu'ar muke yi!” Sai ya juyo gare ni, “Ke fa, Hajiya?” Kafin in buɗe baki maigidana ya ce, “Ita ce ta kira ruwan.” Aka yi ta dariya a kaina da yare kala-kala.

A hanyar dawowa ta ce, “Ate, yanzu kina bayana?” Na ce ina bayanta. Kuma da gaske na gyara roƙona. Na ce ya Allah, ruwa dai muna so, amma yarinyar nan baƙuwa ce, ba uwa ba uba a kusa, Ka zaɓa mata abin da ya fi alheri.

Ranar biki gari ya waye sama garau. Ta fito cikin farar riga za ta coci, na rangaɗa mata guɗa a bakin lifta har maƙwabta suka leƙo. Na yi alkawarin zuwa lambun da yamma, kodayake tun safe nake lissafin yadda zan gaisa in gudo gida.

Wajen azahar sama ta yi baƙi ƙirin, aka yi tsawa ɗaya, sai ruwa. Irin wanda na roƙa sak. Na tsaya a taga, ƙamshin nan ya bugo ni, rabin zuciyata na rawa, rabi na cewa na shiga uku. Titi ya zama kogi, motoci suka tsaya cak.

Suka shigo sharkaf, ita da ango da ƙawayenta. Bakin rigar ya yi baƙi da taɓo, furannin takardar nan sun zama kunu a cikin kwali. Ta wuce gaban talabijin ta kifa hoton, ta shige ɗaki ta rufe. Ango ya tsaya a tsakar falo da waya, mutane na ta kira suna tambayar inda za su nufa, ga abinci tuli a mota.

Na dubi maigidana na ce, “Malam, ɗaga katifar nan.”

“Wacce?”

“Tamu.”

Muka jingine katifa da bango, muka tura gado lungu, aka fitar da manyan kujerun falo waje. Na ce wa ango, “Ka ce kowa ya taho nan, kalas, shi ke nan.” Ya ce, “Ate, ba zai ɗauke mu ba.” Na ce, “Ƙanina, ni gidan da na taso ɗaki ɗaya ke ɗaukar 'yan suna kaf, har da masu kwana. Kira su.” Maƙwabtanmu 'yan Indiya da suka ga ana ta ɗauke-ɗauke suka buɗe ƙofarsu suka miƙo kujeru. Na ɗora dafa-duka a babbar tukunya don kada a ji kunya.

Saura amarya. Na ƙwanƙwasa, shiru, na tura na shiga. Tana zaune a ƙasa, kwalli ya zubo mata har kumatu, ga waya a hannu suna ganin juna da mahaifiyarta. Tana magana da yarensu tana kuka. Ban ji ba, amma kalmar ƙwai na gane, don na sha jin ta a kwanakin. Tsohuwar kuwa maimakon lallashi dariya take har tana dafe ƙirji. Da ta hango ni sai ta koma Turanci don in ji.

“Ke ce Ate? Ki ce mata ta tashi. Ni ma da zan auri ubanta na kai ƙwai. Ruwan da aka yi ranar, a kafaɗa aka ɗauke ni aka tsallaka da ni ƙofar coci.”

Amarya ta ɗago kai. “Mama! Ba ki taɓa faɗa mini ba!”

“In na faɗa miki za ki kai?”

“To don me ake kaiwa?”

“Sistocin nan ba su da gona, ba su da albashi, haka uwarsu waliyyiyar ta bar su. In mu ba mu ji tsoron ruwa ba, su ci me? Ke dai ki faɗa mini, wasu sun ƙoshi ta dalilinki ko ba su ƙoshi ba?”

Amarya ta juyo ta dube ni. Na ce, “Sun ƙoshi, har da yaji.”

Sai dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka, ta rasa wanda za ta yi. Na goge mata fuska, na ce mu a wurinmu amaryar da ruwa ya sauka ranar aurenta cewa ake yi tana da goshi. Na ɗauko sabon mayafina mai duwatsu, wanda ban taɓa samun wurin zuwa da shi ba, na yafa mata ya rufe taɓon. Ta fito, ta tsaya gaban talabijin, ta ɗaga hoton ta tsayar, ta faɗa masa wani abu ƙasa-ƙasa. Ina jin haƙuri ta bayar.

Biki fa ya yi biki. Mutum a kan mutum, jiƙaƙƙun takalma tun daga ƙofa har bakin lifta. Suka kunna na'urar nan tasu da kowa ke karɓar lasifika ya yi waƙa, don su ba sa taro ba ita. Aka miƙa wa maigidana, ya ce shi maƙogwaronsa na karatu ne. Ni kuwa na karɓa na yi musu waƙar rakiyar amarya irin ta unguwarmu. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, amma har da masu share hawaye. A kan injin wanki aka yanka kek, don tebur ya cika. Hoton da aka aika wa tsohuwar ba ciyawa a ciki, ba faɗuwar rana: amarya ce da mayafin Kano, ango na dariya, katifarmu a jingine a bayansu. Ta sa aka wanko mata shi babba.

Yanzu suna Sharja da 'ya'yansu, mu ma mun canza gida. Tana nan a addininta, ina nan a nawa, ba wadda ta taɓa jan wata. Amma abu biyu sun zauna mini tun daga lokacin. Na farko, ban taɓa tunanin abin da nake roƙo da hawaye zai iya zama tashin hankalin wadda bango kawai ya raba mu ba. Yanzu in na ɗaga hannu, nakan ɗan tsaya in tuna da na bayan bangon. Na biyu kuma, matar nan da ta watsar da dukiyar gidansu ta zauna ba ta da ko takalmi. Ni ba na roƙonta komai, amma nakan yi mamaki: bayan ɗaruruwan shekaru, wasu 'yan dako a bakin ruwan Dubai, waɗanda ba su taɓa jin labarinta ba, sun ci sun ƙoshi ta sanadinta.

Ku fa, kun taɓa dagewa kuna roƙon wani abu, ashe na kusa da ku akasinsa yake roƙo? Da aka ba ɗayanku, ya kuka yi da ɗayan?